Mutum-mutumin na yara ne, a bar su su ƙera abinsu

Akwai wata ɗabi'a da ke ci min rai a harkar gasar ƙera mutum-mutumi ta makarantu, kuma yau sai na amayar da ita. Malami ko wani injiniya daga cikin iyaye ya zauna da daddare ya haɗa na'urar tsaf, ya rubuta mata umarni a kwamfuta, washegari a miƙa wa yara su ɗauka su shiga fili. In an ci kofi a yi ta ɗaukar hoto, a ce ɗalibanmu sun ƙera. Wallahi wannan zalunci ne ga yaran, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Ba shi da wuyar ganewa. Ku tsaya kusa da teburin wata ƙungiya lokacin da alƙalai ke zagayawa. Alƙali ya nuna hannun na'urar ya ce, "Me ya sa kuka sa ƙaramin giya a bakin injin, babba a jikin hannun?" Sai ka ga yaro ya yi shiru, ya waiwaya yana neman idon malaminsa. Na'urar kuwa tana ƙyalli, wayoyinta a ɗaure cif-cif, ba inda noti ya kwance. Ka matsa teburi na gaba, ka tarar da wata duk tef ne ya riƙe ta, amma kafin alƙali ya rufe baki wata yarinya ta karɓe: da farko akasin haka suka yi, hannun ya riƙa gudu amma ya kasa ɗaga komai, da suka juya giyoyin sai gudun ya ragu ƙarfin ya ƙaru. Har ta buɗe littafinsu ta nuna zanen farkon da suka soke. Ni dai wannan yarinyar ce dalilin da ya sa ake yin gasar baki ɗaya.

Waɗanda suka kafa harkar ma abin da suke nema ke nan. Dean Kamen ya kafa ƙungiyar FIRST, mai shirya irin wannan gasa, a Amurka a 1989, kuma gasar farko da suka yi a 1992 ƙungiyoyi 28 ne kacal, a ɗakin wasanni na wata sakandare a jihar New Hampshire. Burinsa shi ne yara su riƙa kallon injiniya da irin idon da suke kallon gwarzon ɗan wasa. Abokin tafiyarsa, Farfesa Woodie Flowers na jami'ar MIT, wanda ya rasu a 2019, shi ya dasa musu aƙidar cewa ka yi takara iya ƙarfinka amma ka mutunta abokin karawarka, har ka taimake shi. Kuma an gina wannan a cikin tsarin wasan kansa: a babbar gasar FIRST na'urori uku ne ke haɗa kai su kara da wasu uku, a wata gasar irinta mai suna VEX biyu da biyu, kuma a zagayen share fage wanda ka kara da shi yanzu yana iya zama abokin haɗin gwiwarka anjima. Shi ya sa za ka ga wata ƙungiya ta ara wa wata batir ko inji ana saura mintuna a shiga fili. Lambar yabo mafi daraja a FIRST ma ba ta na'urar da ta fi cin maki ba ce, ta ƙungiyar da ta fi yin tasiri a makarantarta da al'ummarta ce. Gasar VEX kuwa rubutacciyar ƙa'ida gare ta cewa zane da haɗawa da rubuta umarni aikin ɗalibai ne.

Ban ce babba ya naɗe hannu ya koma gefe ba. FIRST da kanta tana son injiniyoyi su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da yara, kuma akwai aikin da bai kamata a sakar wa yaro shi kaɗai ba, kamar yankan ƙarfe da inji. Amma da bambanci tsakanin wanda ya ce "zo in nuna maka yadda ake riƙe wannan, sai ka yi sauran" da wanda ya ce "matsa, lokaci na ƙurewa."

Na san abin da ke tura malamai ga haka, domin ina cikin harkar. A babbar gasar FIRST, a watan Janairu ake bayyana wasan shekarar, kuma shekara da shekaru, har zuwa 2019, makonni shida kawai aka riƙa bayarwa a gama gini. Shugaban makaranta yana jiran kofi, iyaye sun kashe kuɗi, wanda ya ɗauki nauyi yana son ganin sunansa a kan na'urar da ta yi nasara. Ga yara suna ta maimaita kuskuren da kai ka hango tun jiya. Hannunka har ƙaiƙayi yake yi. To a daidai nan ne aikin malami yake, a wannan haƙurin.

Bari in ba da misali da abin da kusan kowace ƙungiya ke karo da shi. A farkon kowane wasa akwai ɗan lokacin da na'ura za ta yi aiki da kanta, ba mai tuƙa ta: daƙiƙa 15 a VEX, daƙiƙa 30 a wata gasar FIRST mai suna FIRST Tech Challenge. A gasar ƙanana ta FIRST LEGO League kuwa, wadda aka fara a 1998, duk mintuna biyu da rabin na wasan da umarnin da aka rubuta mata take tafiya. Yara za su rubuta: yi gaba na daƙiƙa biyu, juya dama. Da safe ta tafi daidai. Da yamma ta tsaya kafin ta kai, ko ta riƙa karkata hagu. Su ce kwamfuta ce ta lalace, su goge su sake rubutawa, abu ya ƙi. A yi ta musu, wani ma ya yi fushi ya fita. Can sai wani ya lura cewa duk lokacin da aka sa sabon batir tana kaiwa, in caji ya ja baya sai ta gaza. Daga nan su gane da kansu cewa auna tafiya da lokaci ba abin dogaro ba ne, gara a ƙirga juyin taya, kuma a sa na'urar da ke gane karkata ta riƙa gyara hanya. Malami zai iya warware wannan cikin minti goma. In ya yi, ya ƙwace musu darasi mafi tsada a duk kakar: yadda ake canza abu ɗaya a lokaci guda, a gwada, a rubuta, a sake. Yaron da ya koyi haka, ko likita ya zama ko manomi, yana tare da shi.

Sai maganar tallafi, inda nake ganin ake yawan zuba ruwa a ƙasa. Da an ce a tallafa wa shirin mutum-mutumi, abin da ke zuwa wa mutane shi ne sayen akwatunan kaya. Akwati yana da daɗin ɗauka a hoto ranar miƙawa. Bayan shekara guda ka buɗe kabad ka same shi, rabin ƙananan kayan sun ɓace, batir ya mutu, ba wanda ya san inda wayar caji take. Kaya kuma tsufa suke yi. Kamfanin LEGO ya daina yin kayan haɗa mutum-mutuminsa mai suna Mindstorms a ƙarshen 2022, bayan makarantu da yawa sun gina shirinsu kacokan a kansa. Wanda duk jarinsa a akwati yake ya shiga uku, wanda jarinsa a mutane yake ya koyi sabon kaya ya ci gaba.

Abin da ke riƙe ƙungiya shi ne malamin nan da ke zama bayan an tashi, yana jiran yaro na ƙarshe ya tafi gida kafin ya kulle ƙofa. Galibi ba a rage masa darasi ko ɗaya ba, ba a ƙara masa komai ba, shi ne mai cika takardun rajista, shi ne mai neman motar tafiya, shi ne mai amsa wayar iyaye. Shekara biyu ko uku ya gaji, ko a yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan ƙungiya ta mutu. Don Allah shugabannin makarantu, in da gaske kuke, ku sa wannan aikin cikin jadawalinsa a matsayin aiki, ku haɗa shi da malami na biyu tun daga ranar farko. Ku ba su ɗaki mai makulli inda na'urar da ba a gama ba za ta kwana ba tare da an ce a kwashe ba, da wurin shimfiɗa filin gwaji. Ku ware kuɗin kayan gyara, domin inji zai ƙone, giya zai karye, kuma hakan ba ɓarna ba ce, alamar ana aiki ce. Su kuma kamfanoni, alƙawarin shekara uku na kuɗi kaɗan ya fi kyautar shekara ɗaya mai yawa, kuma injiniya ɗaya da zai riƙa zuwa duk mako ya fi su duka.

A cikin ƙungiyar ma sai an sa ido. In aka bar abin ya tafi yadda ya ga dama, yara biyu masu baki za su mallake na'urar, 'yan mata a tura su rubuta littafi da zanen allo, ƙanana su zama 'yan miƙo sifana. Littafin aikin yana da muhimmanci ƙwarai, shi ne ke hana ilimi tafiya da masu kammala makaranta, amma kowa ya rubuta, kowa kuma ya riƙe sukurudireba. Ku tuna 'yan matan nan shida na birnin Herat a Afghanistan, da aka hana su bizar Amurka har sau biyu a 2017 kafin daga baya aka bar su suka halarci gasar FIRST Global ta farko a Washington, suka koma da lambar azurfa ta jarumta. Yarinyar da ke aji tana da irin wannan zuciyar, sau da yawa ba a taɓa miƙa mata kayan aikin ba ne kawai. Haka yaron da ba ya cikin na ɗaya zuwa na goma a jarrabawa. Kada a mayar da shiga ƙungiya ladan masu maki, domin sau tari wanda allo ya gundura shi ne hannunsa ke gane inda ƙarfe ke gogar ƙarfe.

Shi ya sa nake roƙon duk mai ɗaukar nauyi da duk shugaban makaranta, idan kaka ta ƙare kuka kira malami ya ba da bahasi, kada tambayar farko ta zama ta nawa muka zo. Ku ce a kawo yaran da na'urar. Ku zaɓi mafi ƙanƙanta a cikinsu, ku nuna wani sashe ku ce ya kwance ya mayar, ya faɗa muku amfaninsa. Ku tambayi nawa ne daga cikin na bana za su dawo baɗi, da kuma wa zai koyar da sababbin shiga. Da amsar waɗannan za ku yanke shawarar kasafin shekara mai zuwa.