Wa ya ci Kano a zaɓen shugaban ƙasa na 2023?

Har yanzu, duk lokacin da hira ta faɗo kan zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a majalisar da nake zama bayan sallar isha'i, sai mutane su rabu gida biyu, kowane ɓangare da jimlarsa da ya haddace. Masu jar hula, magoya bayan Kwankwaso, su ce sun ci Kano, sun nuna wa duniya mai gari. Mutanen PDP da wasu da ba su da jam'iyya su ce Kano ta yi asarar ƙuri'arta, ta zuba kusan miliyan guda a kwandon ɗan takarar da kowa ya san ba zai kai Abuja ba, har ta jawo wa Atiku Abubakar faɗuwa. Na daɗe ina sauraro ban tanka ba, amma da na zauna da alƙaluman na jera su kusa da na zaɓukan baya, sai na ga maganganun biyu duka suna da gyara, kuma gyaran ya cancanci a rubuta shi kafin a sake kaɗa gangar siyasa.

Sakamakon da hukumar INEC ta bayyana na Jihar Kano a zaɓen ranar Asabar, 25 ga Fabrairu, shi ne Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya samu ƙuri'a 997,279, Bola Tinubu na APC 517,341, Atiku na PDP 131,716, sai Peter Obi na LP 28,513. A faɗin ƙasa kuwa Tinubu ya tashi da 8,794,726, Atiku da 6,984,520, tazarar da ke tsakaninsu ta ɗan haura miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Wannan kaɗai ya isa ya kwantar da zargin da ake yi wa Kwankwaso, domin ko da an kwashe ƙuri'unsa na Kano kaf an zuba wa Atiku, ba su cike gurbin ba. Ko an haɗa da duk abin da ya samu a Najeriya, wato 1,496,687, da sauran tafiya. Balle ma ba haka mutane suke zaɓe ba, babu wanda zai iya rantsuwa cewa duk mai jar hula da PDP zai dangwala wa da madugunsa bai tsaya ba. Wanda yake neman inda PDP ta yi ɓarin ƙuri'a, ya fara duba Kudu maso Gabas da Legas da Filato, inda Obi ya kwashe abin da a da jam'iyyar take ɗauka a matsayin nata.

Maganar "mun ci Kano" ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. A zaɓen gwamna, wanda ya ci jiha ya ci kujera. A zaɓen shugaban ƙasa kuwa, tsarin mulkinmu bai ajiye wani lada ga wanda ya zo na ɗaya a wata jiha ba. Sashe na 134 abu biyu yake nema ga ɗan takara: ya fi kowa yawan ƙuri'a idan an tattara na ƙasa baki ɗaya, sannan ya samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a biyu bisa uku na jihohi, wato 24 daga cikin 36, tare da batun Abuja da lauyoyi suka yi ta ja-in-ja a kansa har Kotun Ƙoli. A nan ba a yin irin na Amurka, inda wanda ya yi rinjaye a yawancin jihohi ke kwashe wakilan jihar duka. Saboda haka ɗan takara na gaske abu biyu yake zuwa nema a Kano, rubu'insa da kuma tazara tsakaninsa da abokin hamayyarsa na ƙasa. Tinubu ya samu kusan kashi 30 cikin ɗari, ya tsallake rubu'i ba tare da gumi ba, kuma ya ba Atiku ratar ƙuri'a 385,625 a jiha guda, fiye da kashi ɗaya bisa biyar na duk tazarar da ta kai shi fadar shugaban ƙasa. Atiku bai kai ko kashi 8 ba. Mutumin da ya zo na biyu a Kano ya tafi da duk abin da ya zo nema, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Abin mamaki shi ne Kano ce jihar da ta fara koya wa Najeriya muhimmancin wannan rubu'i, amma mu muka fi saurin mantawa. A zaɓen Agustan 1979, lokacin jihohi 19 ne kuma Jigawa tana cikin Kano, Malam Aminu Kano na PRP ya yi rinjaye a gida da gagarumar tazara, Shehu Shagari na NPN kuwa ya samu rubu'i a jihohi 12, a Kano ya tsaya a kashi 19.94. Biyu bisa uku na 19 ba ya rabuwa daidai, shi ya sa Obafemi Awolowo ya tafi kotu yana cewa jihohi 13 ake bukata. Richard Akinjide, lauyan Shagari, ya ce goma sha biyu ne da biyu bisa uku, don haka sai a ɗauki biyu bisa uku na ƙuri'un Kano a nemi rubu'insu. Kotun Ƙoli ta amince da hakan ranar 26 ga Satumba, kwanaki kaɗan kafin miƙa mulki. Ƙuri'un da suka tabbatar da shugaban Jamhuriya ta Biyu su ne na Kanawan da suka zaɓi wanda ya sha kaye a jiharsu, kuma shekara 44 bayan haka aka sake ganin mai kama da wannan.

Wasu suna cewa Kano ɗanta ta zaɓa, kamar yadda kowa ke zaɓar nasa. Ban yarda ba, domin tarihi bai goyi bayansu ba. A ranar 12 ga Yunin 1993, Bashir Tofa ɗan cikin birni ne, amma M.K.O. Abiola ya doke shi a Kano. A 2011 Malam Ibrahim Shekarau yana kan kujerar gwamna ya tsaya takarar shugaban ƙasa a ANPP, ya samu 526,310, Buhari na CPC ya samu 1,624,543. A wannan shekarar dai, bayan 'yan kwanaki, mutanen da suka yi tururuwa ga Buhari suka mayar da Kwankwaso gidan gwamnati a ƙarƙashin PDP, jam'iyyar da suka ƙi a sama. Bakano ya iya wake da shinkafa idan ya ga dama, kamar yadda ya iya sak idan guguwa ta taso. Zama ɗan gida bai taɓa wadatar da kowa a nan ba, don haka dole a nemi wani dalilin.

Dalilin na gan shi da idona a rumfar da na yi zaɓe. Na taka da ƙafa daga gida saboda babu takardar kuɗi a aljihuna, lokacin canjin kuɗi ya sa mai adaidaita sahu da fasinja kowa yana kallon kowa. Masu yi wa ƙasa hidima suka iso a makare, na'urar BVAS tana karɓar yatsan wani tana ƙin na wani sai an koma ga fuska. A gabana akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya riƙe katinsa a cikin leda, mun fi awa biyu a layi muna hira. Duk tsawon lokacin bai ambaci tsaro ba, bai ambaci farashin masara ba, bai ambaci ko ɗaya daga cikin manufofin 'yan takara ba. Hirarsa kaf a kan gwamnatin jiha ce: filaye, masarautu da aka raba a 2019, zaɓen gwamna na waccan shekarar da aka ce bai kammalu ba, da abin da ya biyo baya a mazaɓar Gama. Da na ce masa, "Baba, ai yau na shugaban ƙasa ake yi," sai ya ce, "Na sani, ɗana, yau dai gwaji ne, ranar gwamna ake biki." Da yamma da malamin zaɓe ya fara ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya jama'a suna ƙirgawa da ƙarfi, ihun da ake yi idan kwandon kayan marmari, alamar NNPP a lokacin, ya fito ba na masu tsammanin Abuja ba ne. Kowa ya san wanda ake yi wa ihun ya ji, kuma a lokacin yana zaune ne a gidan gwamnatin Kano.

Abin da nake nufi shi ne an ba mu takarda mai tambayar wa zai mulki Najeriya, muka amsa tambayar wa ya fi ƙarfi tsakanin Kwankwaso da gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje na APC. Ba na kiran wannan wauta, domin ya yi aiki. NNPP jam'iyya ce da Kwankwaso ya shiga a 2022, ba ta kai shekara a hannunsa ba, tana buƙatar sunansa a saman takarda don ya ja 'yan majalisa, kuma ya ja su: kujeru biyu daga cikin uku na majalisar dattawa suka faɗa hannunta a ranar. Nasarar ta kuma ba magoya baya ƙwarin gwiwar da suka shiga zaɓen gwamna na 18 ga Maris da shi, inda Abba Kabir Yusuf na NNPP ya samu 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC ya samu 890,705. A matsayin dabarar karɓe jiha, lissafin ya fita daidai.

Amma a duba waɗannan alƙaluma na gwamna da kyau, akwai abin da suke faɗa game da zaɓen da ya gabace su. NNPP ta ƙaru da ƙuri'a dubu ashirin da 'yan kai kawai a cikin mako uku, alamar ta fito da duk mutanenta tun ranar farko. APC kuwa ta ƙaru da 373,364. Ina waɗannan mutane suke ranar 25 ga Fabrairu? A ganina wasunsu sun zauna a gida don Tinubu bai kwanta musu ba kuma babu Buhari a takarda, wasu sun ba Atiku a sama suka dawo gida a ƙasa, wasu kuma sai da aka zo zaɓen da ya shafi tuwon 'yan siyasar unguwa sannan aka tuna da su aka aika mota. Ko ma wanne ne, 'yan takarar gwamna biyu kaɗai sun tara ƙuri'un da suka zarce na dukkan 'yan takarar shugaban ƙasa 18 a jihar. Wannan ya nuna wane zaɓe ne Kano ta ɗauka da muhimmanci a wannan shekara.

A nan ne nake jin ciwo. Muna yawan alfahari da cewa Kano ce rumbun ƙuri'u, kuma akwai lokacin da hakan gaskiya ne ƙwarai. A 2015 Buhari ya samu 1,903,999 a Kano, Goodluck Jonathan ya samu 215,779, ratar ta kai kusan biyu bisa uku na duk tazarar da ta kawo canjin gwamnati a ƙasar. A 2019 na Buhari ya sauko zuwa 1,464,768. A 2023 masu rajista sun kai kusan miliyan 5.9, amma duk ƙuri'un da aka ƙirga wa 'yan takara ba su wuce miliyan 1.7 da kaɗan ba, ƙasa da abin da mutum ɗaya ya samu shekara takwas kafin nan. Mutum sama da miliyan huɗu ba su zo ba. Na san cikin rajistar akwai matattu da waɗanda suka ƙaura, na san ƙarancin kuɗi ya hana wasu komawa garuruwan da suka yi rajista, na kuma san masu cewa BVAS ce ta rage ƙarin gishirin da ake yi a da. Duk a cire waɗannan, abin da ya rage ya fi ƙarfin kowace jam'iyya a jihar, kuma babu ɗan takarar da na ji yana magana da su.

Idan aka tambayi abin da kowa ya samu, amsar a fili take. Waɗanda suka kawo 517,341 sun samu rabonsu a Abuja: Barau Jibrin na Kano ta Arewa ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa a watan Yuni, Ganduje ya zama shugaban APC na ƙasa a watan Agusta. Waɗanda suka kawo 997,279 sun samu gidan gwamnati, ko da yake sai da suka bi ta kotun sauraron ƙararrakin zaɓe da ta soke musu ƙuri'a 165,663, da kotun ɗaukaka ƙara, kafin Kotun Ƙoli ta tabbatar musu ranar 12 ga Janairun 2024. Manyan gidajen siyasa biyu babu wanda ya tashi hannu rabbana.

Mu da muka tsaya a layi kuwa, akwai tambayar da ba mu yi wa kowa ba. Tinubu da Atiku da Obi dukkansu sun faɗa a bainar jama'a lokacin yaƙin neman zaɓe cewa za su cire tallafin man fetur, ba a ɓoye suka faɗa ba. Ban ji an tsare wani wakilinsu a gidan rediyo a Kano an ce ya bayyana yadda za a yi da ɗan adaidaita da mai kai kaya Dawanau da manomin rani na Kadawa da ke ban ruwa da injin fetur ba, domin shirye-shiryen siyasa na dare sun cika da sojojin baka masu jifan juna kan rigimar gida. Ranar 29 ga Mayu, a jawabin rantsuwa, aka ce tallafi ya tafi, kafin mako ya zagayo lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Na haɗu da dattijon nan maƙwabcinmu a bakin titi cikin waɗannan kwanaki, jar hularsa a ka, yana ciniki da mai adaidaita kan kuɗin zuwa Kantin Kwari, da suka kasa daidaitawa ya naɗe babbar rigarsa ya kama hanya da ƙafa.