Sabis a Ƙarƙashin Hula

Da hantsi ne, a teburin mai shayin da ke bayan Kantin Kwari. Mai Shayi, Bazazzage, yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi. Ɗan Maula na ƙarshen benci, ya ɗaga wayarsa sama kamar mai neman jinjirin wata. Baƙauye ya rungume rediyonsa, Ɗan Boko na tsoma burodi a ruwan bunu. Sai ga Alhaji, hularsa ta yi tozo a gefe guda.

MAI SHAYI: Lale da bawana! Yau kuma ƙari ne ya fito maka a ka, ko cinikin jiya ka ɓoye a hula?

ALHAJI: Kai dai Bazazzage ba ka iya gaisuwa ba. Zuba mini haɗin kauri, mai zafi, ka rubuta.

MAI SHAYI: Littafin ya cika. Na sayo na biyu, shi ma duk sunanka ne.

ƊAN MAULA: (wayarsa ta yi ƙara) Alhamdu lillahi, ya shigo!

ALHAJI: Wa ya shigo?

ƊAN MAULA: Kai mana, ranka ya daɗe. Shigowarka alheri ce. Matso nan kusa da ni, can akwai rana.

ALHAJI: (ya ɗaga hula, ya nuna wata 'yar na'ura kamar sabulun wanka) Kun ga abin da yaron nan nawa ya sa na saya. Maifai. Wai ita ke raba wa wayoyi data. Tunda na ji kalmar rabo na ce ba da ni ba. Na kife ta da hula, kada sabis ɗin ya zube a hanya kowa ya ɗiba.

BAƘAUYE: Ashe zuba yake yi? Da na zo da ƙwarya.

ƊAN MAULA: Inna lillahi! Alhaji, a ka kake ɗora ta? Ba ka ji ba? Radiyeshon! Tururin da ke fita daga cikinta dafa ƙwaƙwalwa yake yi kamar dambu. Maza ajiye ta nan kan tebur, ga wuri na share, dab da gwiwar hannuna.

ALHAJI: Wallahi biri ya yi kama da mutum. Kwana biyun nan mantuwa nake yi.

MAI SHAYI: Mantuwarka ta girmi na'urar. A 2001 aka kawo wayar salula ƙasar nan, kai kuwa tun kafin nan kake manta kuɗin shayi.

ALHAJI: To in haka ne bari in kashe ta gaba ɗaya.

ƊAN MAULA: A'a! A'a, kada ka kashe! Ai... in aka kashe ta da gaggawa, tururin ciki yake komawa. Ka bar ta a kunne, ka dai nisanta ta da kanka. Ɗan Boko, faɗa masa mana.

ƊAN BOKO: Wanne zan faɗa masa, na dambun ko na komawa ciki? Alhaji, abin da ke fita daga na'urar nan igiyar rediyo ce, dangin wadda Baba yake kamawa da akwatinsa.

BAƘAUYE: Kul! Kada ka haɗa rediyona da wannan shaiɗaniyar. Mahaifina da BBC ya tsufa, ni ma da ita na yi furfura.

ƊAN BOKO: Tun 1957 suke Hausa, Baba, kuma duk shekarun nan muryarsu tana ratsa ɗakinka, ko ka kunna ko ba ka kunna ba. Bambancin kawai, naka saurare yake yi, na Alhaji kuwa yana saurare yana kuma magana. Yana magana da ƙarfen sabis can nesa, yana magana da wayoyin da ke kusa.

ALHAJI: Wayoyi? Ai waya ɗaya gare ni.

ƊAN MAULA: Salon magana ne, ranka ya daɗe. 'Yan boko haka suke, komai sai sun yi masa jam'i.

ƊAN BOKO: Haskokin da ake kira radiyeshon iri biyu ne. Akwai masu ƙarfin da za su iya ɓata ƙwayar halittar jiki, irin na hoton ƙashi a asibiti. Shi ya sa mai ɗaukar hoton yake laɓewa bayan bango. Igiyar rediyo ba ta cikinsu. Abin da aka tabbatar tana yi wa jiki shi ne ɗumamawa, shi ma sai ta yi yawa.

ƊAN MAULA: Kun ji ko! Ɗumamawa! Ni me na ce? Dambu!

BAƘAUYE: A garinmu an ce in ka sa ƙwai tsakanin waya biyu sai ya dahu. Mai Shayi, miƙo ƙwai ɗaya mu gwada, mu huta da sayen gas.

MAI SHAYI: Ka biya tukuna. Ba na ba da ƙwai bashi don binciken kimiyya.

ƊAN BOKO: Baba, da gaskiyarka ta wani gefen. Na'urar ɗumama abinci ta gidan masu hali da waifai, wato igiyar da na'urar nan ke raba wa wayoyi data da ita, kusan zango ɗaya suke aiki, wajen gigahaz 2.4. Sai dai ita waccan tana sakin wat 800 zuwa 1000 a cikin rufaffen akwatin ƙarfe. Wannan ta Alhaji, in ka haɗa duk abin da take fitarwa, bai kai rabin wat ba, kuma watsewa yake yi ko'ina. Ka ɗora mata ƙwai yau, sai ya ruɓe bai ko yi ɗumin kirki ba.

BAƘAUYE: Ashe kaza ta fi ta aiki.

ALHAJI: Dakata, yaro. Ni na ji da kunnena an ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waya na kawo sankara.

ƊAN BOKO: Ga yadda aka yi. Hukumar tana da cibiyar binciken sankara a birnin Liyon na Faransa. A 2011 cibiyar ta sa igiyar rediyo a rukunin da suke kira 2B, wato "mai yiwuwa ne". Ma'anarsa akwai 'yar alama, hujjar ba ta yi ƙarfi ba, a ci gaba da dubawa. Ruwan ganyen alobera ma yana cikin rukunin.

ALHAJI: Wanda Hajiya ke shafawa a fuska?

ƊAN BOKO: Danginsa, in an tatse ganyen gaba ɗaya an sha. To an ci gaba da dubawar. A 2024 aka fitar da wani babban nazari da hukumar ta sa aka yi, aka tattara bincike 63 na shekaru kusan talatin, ba a ga alaƙa tsakanin wayar salula da sankarar ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka shekara goma suna kara ta a kunne.

MAI SHAYI: Ka ji Bakano! Abin da bai kai ɗumin kaza ba shi ya hana shi barci. Karɓi shayinka, yana tafasa yadda kake so.

ƊAN BOKO: Af, ka tuna mini. A 2016 cibiyar nan dai ta sa abin sha mai tsananin zafi, wanda ya haura digiri 65, a rukunin 2A. Wato hujjar da ke kansa ta fi ta igiyar rediyo ƙarfi. Sankarar hanyar da abinci ke bi zuwa ciki ake jin tsoro.

(Shiru. Alhaji ya sauke kofin a hankali.)

ALHAJI: Maimaita.

MAI SHAYI: Kada ka maimaita! Wa ya tambaye ka? Muna maganar na'ura, me ya kawo shayi?

ALHAJI: Allahu akbar! Shekara ashirin Bazazzage yana ɗura mini 2A, ni kuwa ina can ina gudun 2B! Kuma har yana bina kuɗi! Kai ne za ka biya ni diyya.

MAI SHAYI: Wa ke cewa "mai zafi, mai zafi" kullum? Wannan sheƙawar da nake yi, ka zaci rawa ce? Ceton ranka nake yi kyauta.

ƊAN BOKO: Zafin ne abin gudu, ba shayin ba. Ka bari ya huce kaɗan, shi ke nan. Rukunan nan ma ƙarfin hujja suke aunawa, ba girman haɗari ba. Hasken rana yana rukuni na 1, ga shi kuwa a cikinsa muka tashi.

BAƘAUYE: Rana ma? To ni da nake noma, ai tuni na mutu ban sani ba.

ALHAJI: To tunda ba ta dafa kai, bari in mayar da ita hula.

ƊAN MAULA: Haba Alhaji! Ɗan Boko, yi magana, kada mu... kada ya cutu.

ƊAN BOKO: A nan kam Ɗan Maula ya yi gaskiya bisa kuskure. Ba a yi ta don a manna a jiki ba. Ana auna yawan abin da jiki ke sha daga irin waɗannan na'urori kafin a sayar. Amurka ta sa iyaka wat 1.6 a kowane kilo na jiki, Turai wat 2. Takardar da ke cikin kwalin tana faɗin tazarar da za a bari.

ALHAJI: Takardar na naɗe ƙosai da ita.

ƊAN BOKO: To ka riƙe wannan: in ka ninka nisa, ƙarfin yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Taƙi guda ma ya yi maka. Sannan in ka danne ta da kai da hula, ƙarfen sabis ba ya jin ta sosai, sai ta ɗaga murya. Waya ma haka take, inda sabis ya yi rauni nan ta fi ƙoƙari, nan batir ya fi saurin ƙarewa.

BAƘAUYE: Kamar ni da matata in tana bayan danga.

ƊAN BOKO: Kamar haka, Baba. Ka ajiye ta kusa da taga, inda sabis ya cika, sai ta yi magana a hankali.

ALHAJI: (ya juya na'urar, ya nuna wani ɗan zagayayyen abu mai ƙyalli) Wannan fa? Wani ya sayar mini a bakin kasuwa, ya ce laya ce ta Bature, tana tsotse tururin.

ƊAN BOKO: In ba ta tare komai ba, ka yi asarar kuɗi. In kuwa ta tare, na'urar ƙara ƙarfi za ta yi don a ji ta.

MAI SHAYI: An sayar wa Bakano takardar alewa! Yau sai na yi sadaka.

ƊAN MAULA: Amma fa wannan 5G ɗin da ya kawo korona...

ƊAN BOKO: A 2020 har ƙarafan sabis aka ƙona a Ingila saboda wannan zance. Korona ta shigo Najeriya a Fabrairun 2020, 5G bai fara aiki a nan ba sai 2022. Sai dai in cutar ce ta riga shi zuwa don ta kama masa ɗaki.

BAƘAUYE: Mu da ko 1G sai mun hau tsamiya, mu ma an hana mu cin kasuwa a lokacin.

ƊAN BOKO: Abin da ya fi kamata ka kula da shi, Alhaji, batir ne. Taɓa ka ji yadda ta yi zafi. Kada ka sa ta caji ƙarƙashin matashi, kada ka bar ta cikin mota a rana. In ka ga bayanta ya kumbura, ka daina amfani da ita. Wanda kuma aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, likitoci kan ce ya bar tazarar santimita 15, kada ya sa irin wannan a aljihun ƙirji.

ALHAJI: Ni zuciyata lafiya lau. Sai dai in na duba data. Jiya na sa ta wata guda, yau da asuba an ce saura kwata. Ashe ba tururin ne ke tsiyaye ta ba?

ƊAN MAULA: Tururin ne! Wallahi tururin ne! Yanayin zafi data ƙafewa take yi kamar tafki.

ƊAN BOKO: Kawo in gani. Mene ne lambar sirrin?

ALHAJI: (ya rage murya) Ɗaya, biyu, uku...

MAI SHAYI DA ƊAN MAULA DA BAƘAUYE: ...huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas.

ALHAJI: La ila! Ku aljanu ne?

ƊAN BOKO: Ga shi nan, waya tara ke kanta yanzu haka. Shi ya sa ma take zafi, aiki ya yi mata yawa. Ga wata mai suna "Maula Ikon Allah", bidiyo take saukewa.

ƊAN MAULA: Wa'azi ne, ranka ya daɗe. Ladan naka ne.

ƊAN BOKO: Ga "Shayi Na Zazzau".

MAI SHAYI: Ina ragewa daga bashin da nake bin ka. A wannan lissafin, nan da shekara huɗu mun rabu lafiya.

ALHAJI: Baba, kai ma?

BAƘAUYE: Ni ban san komai ba. Jikana ne ya ce in na ga mai hula da tozo in zauna kusa da shi, hoton shanuna zai tafi Legas.

ALHAJI: Saura shida. Ta shidan can mai dogon suna da Turanci fa, ta wace ce?

ƊAN BOKO: (ya yi tari) Wannan... gwaji nake yi, Alhaji. Don in auna ƙarfin igiyar.

ALHAJI: Tun yaushe kake aunawa?

ƊAN BOKO: Tun ranar Talata. Bincike ba ya son gaggawa.

ALHAJI: Canja lambar! Yanzun nan! Sa mini abin da duk Kano ba wanda zai taɓa zaton zai fito daga bakina.

MAI SHAYI: Wannan ai mai sauƙi ne. Sa "na biya wa kowa".

ALHAJI: Madalla! Karon farko Bazazzage ya yi hankali. Sa shi, yaro. Ko matana ba za su canka ba.

(Ɗan Boko ya sa. Alhaji ya ajiye na'urar a kan tebur, taƙi guda daga kofinsa, ya auna da yatsu, sannan ya shiga hura shayi. Kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa.)

ƊAN MAULA: Ranka ya daɗe, "kowa" ɗin nan, da babban baƙi aka fara shi ko da ƙarami?