Gwauron wucin gadi da kwandon tumatir

A Kano, idan kana son majalisa ta kaure da gardama, ba sai ka ɗauko zancen siyasa ko na ƙwallo ba. Gyara zama kawai ka ce, "Jama'a, wai ina ake samun tuwo mai kyau a garin nan?" Shi ke nan, ka tsokano tsuliyar dodo.

Ni na tsokano ta ne lokacin da maiɗakina ta tafi Katsina wankan jego. Haihuwar fari ce, surukata kuwa ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai 'yarta ta yi arba'in a gabanta. Aka bar ni a Ɗorayi da tukunyar gas, da firij, da miyar kuka da aka ƙulla mini leda-leda, wai za ta kai ni har tsakiyar wata. Ba ta ga Juma'a ba. Ni kuma aiki ne ya kawo ni Kano, ban san lungunanta ba, girkina kuma bai wuce dafa ruwan shayi ba. To bayan sallar magariba na kai kukana majalisar ƙofar masallaci.

Telan unguwarmu ne ya fara karɓewa. Ya ce duk faɗin Kano babu mai tuƙa tuwon shinkafa irin wata Hajiya da ya sani, miyar taushenta kuwa idan ka ci sai kunnenka ya motsa. Wani tsohon malamin makaranta ya ce tela bai san abinci ba, wanda ya zo Kano bai ci gurasar Jakara ba ai bai zo ba. Direban babbar mota ya yi musu dariya, ya ce abinci na tasha, duk inda ka ga direbobi sun yi layi to zauna, don direba ba ya cin abin banza sau biyu. Akwai kuma wani bawan Allah mai gyambon ciki, shi shawararsa ita ce in bar cin abincin waje kwata-kwata in koma kunu. Babu wanda ya kula shi.

Na fara da ta tela, saboda shi ya fi kowa rantsuwa. Ga kwatancen da ya yi mini, ban ƙara ko harafi ba:

"Idan ka wuce Ƙofar Nasarawa ka miƙe, za ka ga wata ƙatuwar darbejiya. A gindinta akwai mai faci. To ba nan ba. Ka ci gaba, za ka ga tsohon gidan mai, ka sha kwana, sai ka tambayi kowa gidan Hajiya mai tuwo. Ko yaro ka tambaya."

Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, don haka a Adaidaita Sahu na yi wannan bulayi. Darbejiya dai babu ita, wani dattijo ya ce tun zamanin da ake aikin gadar sama aka sare ta. Masu faci kuwa na ga sun fi a ƙirga, kuma kowane ɗaya "ba nan ba" ne. Yaran da na tambaya kowa da tasa Hajiyar: wannan ya nuna mini mai awara, wancan mai ƙosai, wani ma gidan kakarsa ya kai ni. Mai Adaidaita ya fara waiwayo ni yana ƙara kuɗi da ido. Can da la'asar muka dace da wurin. Shagon cajin waya ne yanzu. Mai shagon ya ce ya ji labarin wata mai tuwo a wurin, a bakin mahaifinsa.

Da dare na tare tela. "Malam, wai yaushe rabonka da cin tuwon nan?"

Ya ɗaga kai yana lissafi. "Ina ji kafin in yi aure ne."

Babban ɗansa yana Jami'ar Bayero.

Malamin makaranta shi ya fita kunya, wannan kam dole in faɗa. Gurasar da na ci a Jakara har gobe ina tunaninta. Da ɗuminta ta fito daga tanderu, bayanta ya ɗan ƙone, cikinta laushi. Mai bandashe ya tsoma ta a ruwa ya tsame, ya shimfiɗa a faranti, ya barbaɗe ta da garin ƙuli har ta ɓace, ya zagaya da man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir da kabeji a kai. Sai ya ɗago ya ce, "Alhaji, a sa yaji?" Da yake akwai samari a kan benci suna kallona, na ce, "Zuba, ai mu Katsinawa surukanmu ne, ba ma tsoron komai." Ya zuba. Loma ta uku idona ya kawo ruwa, ta biyar hanci ya bi sahu. Na cire hula na ajiye a gwiwa. Wani yaro da ya zo sayen gurasar gidansu ya tsaya ya ƙare mini kallo, sannan cikin ladabi ya ce, "Baba, Allah ya ji ƙan musulmi." Na ce amin, don ba ni da bakin yin bayani.

Abincin tasha ba zan daɗe a kansa ba. Tuwon ya yi, miyar ta yi. Gandar da aka sa mini ce muka yi ta kokawa da ita, na ja ta ja, daga ƙarshe ta kuɓuce ta faɗa kwanon wani kwandasta. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Na gode, Oga," ya cinye.

Duk wannan sharar fage ce. Babbar maganar ta zo ne da arba'in ta matso, maiɗaki ta bugo waya.

"Yallaɓai, ka san fa ba mu bar komai a sito ba. Ka ɗan sayo abin da za mu fara da shi kafin in dawo."

Niyyata in leƙa kantin bakin layi. Da na faɗi haka a majalisa sai aka yi tsit, sannan aka hau salati. Direba ya ce, "Kana zaune a Kano za ka sayi wake a kanti? Ina ka baro Dawanau?" Nan take aka tsara mini tafiya. Hatsi da wake, Dawanau. Shinkafa, sukari, taliya da man girki, kasuwar Singa. Kayan miya, 'Yankaba. Lemo da ayaba da kankana, 'Yan Lemo a Na'ibawa. Nama kuwa in yi sammako abbatuwa. Malam ma cewa ya yi idan da gaske nake, tumatir sai Kwanar Gafan, can hanyar Zariya, inda manoman rani na Kadawa da Kura ke kawo shi kai tsaye daga gona. Kowannensu ya rantse zan samu rabin kuɗi. Abin da babu wanda ya ambata shi ne Dawanau na hanyar Katsina, 'Yankaba na hanyar Haɗeja, 'Yan Lemo na hanyar Zariya, ni kuma ina Ɗorayi. Wato a zagaye Kano kaf, a shatar Adaidaita, don neman sauƙi.

Dawanau ba kasuwa ba ce ta mai neman kwano biyu, aƙalla ba ɓangaren da na faɗa ba. Rumbuna ne jere, buhuna har rufi, gero, dawa, masara, riɗi, zoɓo, waken suya, ga tireloli ana lodi zuwa Legas da Nijar da Chadi. Ina saukowa wani dillali ya tare ni da fara'a.

"Alhaji barka da zuwa! Me za a ba Alhaji?"

"Wake."

"Fari ko ja? Buhu nawa, ko mota Alhaji zai yi?"

Ya soka wani ƙarfe mai rami a cikin buhu, wake ya zubo masa a tafin hannu, ya miƙo mini. Na karɓa na jujjuya, na ɗauki ƙwaya ɗaya na ciza, don na ga haka wani ya yi. Ban san me ake nema a cizon ba, amma na gyaɗa kai. Mutumin da aka kira Alhaji sau uku a numfashi ɗaya, aka kawo masa kujera da ruwan leda, da wane baki zai ce kwano biyu yake so? Na ce a ba ni buhu ɗaya tukuna, in gwada kasuwa. Na biya kuɗin wake, na biya la'ada, na biya ɗan dako. Mu biyu ne a gidan, sai jariri da ko haƙori babu.

A Singa kuwa cinikin bai ba ni wahala ba, fitowar ce. Lungu a matse, masu baro na ta ihun "Hanya! Hanya!", wanda bai kauce ba ƙafarsa ta gaya masa. Ɗan dakon da ya ɗauki katan ɗin taliyata da jarkar mai ya cilla gaba kamar an harba kibiya. Na ce bari in riƙe alama kada ya ɓace mini: jar hula ce a kansa. Jar hula. A Kano. Na bi wani mai jar hula har ƙofar wani sito, ya sauke kayan mutane, ya juyo ya ce, "Lafiya, Malam?" Na koma na bi wani. Sai da gumi ya jiƙa ni sharkaf na fito bakin titi, na iske nawa zaune a kan katan ɗina yana shan rake. Ya ce, "Alhaji ai na ɗauka ka fasa kayan."

Sai 'Yankaba. Lokacin sanyi ne, tumatirin rani ya shigo, kasuwa ta yi ja wur. Direba ya riga ya koya mini ciniki: duk abin da aka faɗa in raba biyu, idan aka ce albarka in juya kamar zan tafi. Na tsaya gaban wani dattijo, niyyata in sayi na ɗan baho. Don dai in gwada darasin, na nuna babban kwando na tambayi kuɗinsa. Ya faɗa. Na raba biyu, na gyara tsayuwa ina jiran albarka don in yi juyin nan da aka koya mini.

Ya ce, "Kawo kuɗin, Allah ya sa mu amfana."

Bai ce albarka ba. Babu wanda ya koya mini abin da ake yi idan ba a ce albarka ba. Kafin in buɗe baki an ɗaure kwando, an yi mini gyaran attaruhu da albasa, yara biyu sun kinkima sun kai Adaidaita. Ni a gefe na rakuɓe, kwando ne fasinja. Duk ramin da muka faɗa sai na ji na ƙasa sun yi wani ɗan ƙara, kafin mu kai Kabuga ruwan tumatir ya fara bin takalmina. 'Yan Lemo da abbatuwa na ce Allah ya haɗa mu a gaba.

Wanda bai taɓa zazzage kwandon tumatir a tsakar gida shi kaɗai ba bai san yawan tumatir ba. Na cika baho, na cika bokiti, na cika tukwane, kwando bai san an taɓa shi ba. Na ɗauki baho na nufi injin markaɗe, na bi layi tsakanin 'yan mata ƙanana masu 'yan robobi, suna ta ƙus-ƙus. Mai injin ya ce, "Alhaji, suna za a sake yi?" Na dawo na tafasa, na ɗura a robobi, na cika firij taf. A daren aka ɗauke wuta. Ba a dawo da ita ba sai da robobin suka fara kumbura suna magana da junansu.

Hajiyar da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta katanga ta ce, "Ɗan nan, ba haka ake yi ba. Kauɗa za ka yi. Yanka shi ka shanya." Na kwana yanka. Da safe na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida na baza, na tafi aiki. Na dawo na tarar da akuyoyin unguwa sun yi walima, abin da suka rage hazo ya yi masa hoda. Akuyoyin na Hajiyar ne. Ban ce da gangan ta ba da shawarar ba, na dai faɗi masu akuya.

Sauran da bai lalace ba na ce a raba. Na kira yaro ɗaya na cika masa kwano. Kafin a kira isha'i layi ya kai bakin titi, ana ta cewa gidan Alhaji mai tumatir ana rabo. Washegari wani ya tare ni a masallaci ya rage murya ya ce idan kansila zan nema in gaya masa da wuri, yana da mutane. 'Yan majalisa kuwa kowa ya aiko da kwanonsa, suka karɓa, sannan suka zauna suna bita. Malam ya ce ai da Kwanar Gafan na je da kwando biyu zan samu a kuɗin nan.

Ranar Asabar maiɗaki ta dawo, gwaggonta ta rako ta, da mota shaƙe da gara. Ina tsaye ana saukewa: shinkafa, manja, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, katan ɗin taliya, buhun wake. Daga ƙarshe yaran suka sauko da wani ƙullin buhu, gwaggo ta ce, "A yi a hankali da wannan, kauɗar tumatir ce, Hajiya ta ce an ce tumatir na tsada a Kano."

Maiɗaki ta buɗe sito ta ga buhun wakena, ta buɗe firij ta rufe da sauri. Ba ta ce komai ba sai da gwaggo ta shiga alwala.

"Yallaɓai, ɗan abin da za mu fara da shi na ce."

"Ai sari ya fi sauƙi," na ce. "Tambayi kowa."

"To. Miyar ɗanye zan yi wa Gwaggo, ba na son kauɗa yau. Akwai tumatir?"

Babu ko ɗaya. Na sa hula na taka wurin mai tebur na bakin layi. Ya jera su kashi-kashi, manya, jajaye, wasu da ɗan tabon hanya a gefe. Na ɗaga ɗaya na duba. Na san tumatirin nan, tare muka shigo Adaidaita. Ashe yaran da suka yi layi ba duka ne suka kai gida ba. Ya ƙulla mini kashi biyu a leda, ya karɓi kuɗinsa cif, sannan ya ɗauko wani ɗan ƙarami ya jefa a ciki.

"Ga gyara, Alhaji. Kai ai na gida ne."