Kafin ka ce kai mai kare haƙƙin jama'a ne, ka ji labarin Chico Mendes

Ƙannena maza da mata, da yawanku kun rubuta a shafukanku na Facebook cewa ku masu kare haƙƙin ɗan Adam ne, ko masu kare muhalli. Wallahi ina murna da wannan niyya, Allah Ya yi mata albarka. Tsorona kawai kada aikin ya tsaya tsakanin yatsa da waya. Shi ya sa nake so mu duba rayuwar wani talaka ɗan ƙasar Birazil, mu ga abin da wannan aiki yake ci.

An haifi Chico Mendes ranar 15 ga Disamba, 1944, a cikin kurmin Amazon, kusa da garin Xapuri a jihar Acre. Yana ɗan shekara tara ya fara bin mahaifinsa suna tsaga itacen roba suna tara ruwansa. Masu gandun robar ba su yarda a buɗe makaranta ba, da gangan, domin wanda bai iya lissafi ba ba zai gane an cuce shi a ma'auni ba. Mai gandu ne ke sayen robar, shi ke ba da gishiri da kananzir bashi, littafin bashin kuma yana hannunsa. Sai da Chico ya kai wajen shekara 18 sannan ya iya karatu, a hannun wani tsohon soja mai suna Euclides Távora da ya zo ya ɓuya a dajin. Da jaridu ya koya masa.

To kai da ka tashi ka tarar da makaranta a unguwarku, mene ne uzurinka? Kana cewa za ka kare haƙƙin mutane, amma ba ka taɓa zama ka karanta dokar mallakar ƙasa ta inda kake ba. Da me za ka kare su?

Daga shekarun 1970 gwamnatin soja ta Birazil ta buɗe wa attajirai masu kiwon shanu ƙofar Amazon. Sai su sayi gandu, ko su zo da takardar bogi, su kori mutanen ciki, su sare itatuwa, su banka wuta, su shuka ciyawa. Masu tsagar roba suka kafa ƙungiyar ƙwadago a garin Brasiléia a 1975, sannan a Xapuri a 1977, da Chico a cikin jagorori. Dabararsu ita ce abin da suke kira empate. Idan labari ya zo cewa za a sare wani yanki, sai a bi gida gida a sanar, mutane su taka da ƙafa, wani lokaci tafiya mai nisa a cikin kurmi, maza da mata da yara, su je su tsaya tsakanin injin zarto da itatuwa. Su yi wa leburorin magana, domin su ma talakawa ne da aka ɗauko haya. Wani taron ya yi nasara, wani kuma 'yan sanda suka watsa shi. A 1980 aka harbe shugaban ƙungiyar Brasiléia, Wilson Pinheiro, a ofishinsu. Ba su daina ba. Suka ma ƙara da buɗe makarantu a cikin daji don manya da yara.

Abin da ya fi taɓa ni a rayuwarsa shi ne sulhun da ya nema da ƙabilun asali na dajin. Ku sani, tsakanin waɗannan ƙabilu da masu tsagar roba akwai jini. Lokacin da kasuwar roba ta buɗe, an shigo da talakawa daga arewa maso gabashin Birazil, masu gandu suka riƙa tura mutane da bindiga su tarwatsa ƙauyukan 'yan asalin wurin. Chico jikan waɗancan baƙi ne. Duk da haka ya zauna da shugabanninsu, irin su Ailton Krenak, aka ƙulla ƙawancen mutanen daji, saboda ya gane cewa injin zarton da zai ci gidan wannan shi zai ci na wancan. Ku tambayi kanku da gaskiya: za ku iya tsayawa wa wanda ba ƙabilarku ba, ba addininku ba, wanda kakanku da nasa suka yi gaba? In haƙƙin naka kaɗai kake gani, to ba haƙƙin ɗan Adam kake karewa ba tukuna.

Kuma bai tsaya a kan "ba mu yarda ba" kawai ba. A taron masu tsagar roba na ƙasa da aka yi a Brasília, babban birnin Birazil, a 1985 suka fito da mafita: ƙasar dajin ta zama ta gwamnati, ba mai sayarwa, mazauna ciki su ci gaba da cin amfanin roba da 'ya'yan itatuwa ba tare da an sare ba. Daga tsarin yankunan ƙabilun asali suka aro wannan tunani. A 1987 ya je Amurka ya bayyana wa masu ba da rancen shimfiɗa babbar hanyar BR-364, wadda ta ratsa dajin, ɓarnar da ake yi, har aka dakatar da kuɗin na wani lokaci. A shekarar ce kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo. Ya karɓa ya koma Xapuri, ɗan gidansa na katako.

Ranar 22 ga Disamba, 1988, mako guda bayan ya cika shekara 44, ya buɗe ƙofar baya zai je wanka, aka harbe shi. 'Yan sandan da aka ba shi gadi suna cikin gidan. A 1990 kotu ta ɗaure mai kiwon shanu Darly Alves da Silva da ɗansa Darci shekara 19 kowanne. Kada wani ya ɗauka ina kiran ku ga ganganci. Chico bai nemi mutuwa ba, ya sha sanar da hukuma cewa ana farautar ransa, har da sunaye. Ku yi aiki cikin ƙungiya, ku bi doka, ku kiyaye rayukanku.

Saboda ya gina mutane, aikin bai bi shi kabari ba. A 1990 aka keɓe daji fiye da hekta 900,000 da sunansa. Marina Silva, wadda ta tsaya tare da shi a gaban zarto, ita ma sai tana shekara 16 ta koyi karatu, ta zama ministar muhalli a 2003. Har yau dai kiwon shanu na cin gefen wannan daji, masu gadinsa ba su huta ba.

Mu ba mu da Amazon, amma muna da kaɗanya da ɗorawa da ake sarewa ana gawayi, da iyayenmu mata da man kaɗe da daddawa suke riƙe wa gida. Wannan hutun, ka je ƙauyenku ka zauna da su, ka tambaye su wa ke sarewa, wa ya ba shi izini, kuma nawa suke samu a shekara daga itace guda.