Kafin a koyar da ɗan majalisa, a fara da malaminsa

Duk bayan zaɓe sai a tara sabbin 'yan majalisa a ɗakin taron otal a Abuja, a ɗauko farfesa ya tsaya gaban majigi yana karanto doguwar takarda. Kafin azahar rabin kujerun sun yi wayam, waɗanda suka rage suna latsa waya. Sai a ce 'yan majalisa ba sa son karatu. Ni dai laifin na fi ɗora shi kan wanda ya turo malamin ba tare da an koya masa yadda ake koyar da manya ba.

Majalisar Tarayya tana da sanatoci 109 da wakilai 360, kuma fiye da rabin waɗanda suka shigo a 2023 sabbin hannu ne. Tsarin mulkin 1999 ya ce karatun sakandare ya wadatar, saboda haka a layi ɗaya za ka ga tsohon gwamna, ga lauya, ga ɗan kasuwa. Mai furfurar da ya mulki jiha ba zai zauna a biya masa karatu kamar ɗan firamare ba.

Malcolm Knowles, masanin ilimin manya na Amurka, ya yi suna a kan wannan batu: babba yana koyo ne in ya ga amfanin abin a aikinsa na yau, kuma aka mutunta abin da ya riga ya sani. Malaman yaƙi da jahilci a nan Arewa sun daɗe da gane haka. Ɗan tireda yana zuwa ajin dare ne don ya iya rubuta bashin da yake bi.

To, a ajiye lacca. A miƙa musu kasafin ma'aikatar lafiya na bara, a kasa su rukuni-rukuni, a ce su zaƙulo aikin da aka sa wa kuɗi sau biyu. Ɗaya ya zama minista, sauran su titsiye shi da tambayoyi kamar a zaman kwamiti, tunda sashe na 88 na tsarin mulki ya ba su ikon bincike. Kasafin 2024 an kai musu shi ranar 29 ga Nuwamba, 2023, suka amince da shi ranar 30 ga Disamba. Wanda bai taɓa buɗe irin wannan kundi ba, me zai tsinta a wata guda?

Sai dai jagorantar irin wannan aji ya fi karanta takarda wuya, balle in ɗaliban kowa ji yake shi ne wani. Sana'a ce da ake koya. Ya kamata NILDS, cibiyar nazarin harkokin majalisa da dimokuraɗiyya da aka kafa a 2011 don horar da majalisa, ta fara da akawunan kwamitoci da ma'aikatan bincike, ta mai da su masu horarwa, har da na majalisun jihohi 36. Ɗan majalisa na iya faɗuwa zaɓe bayan shekara huɗu, akawun kwamiti kuwa yana nan zai tarbi wanda ya kayar da shi.