Jijiyar alade ba ta ɗan Adam ba ce

Saƙon ya shigo mini ta WhatsApp har sau uku a mako guda: wai Turawa sun gano maganin da ake shafa wa jijiya lokacin tiyata, masu wankin ƙoda sun huta. Da na bi diddigi, a jikin ɓera da alade aka yi gwajin. Har na ji wani a Kano yana cewa zai jinkirta yi wa mahaifinsa aikin tiyata a hannu sai maganin ya iso. Wannan ne ya ɓata mini rai.

Aikin da ake magana shi ne fistula, kuma ba ta yoyon fitsari ba. Likita ne ke haɗa jijiya mai harbawa da mai mayar da jini zuciya, galibi a wuyan hannu, don ta yi ƙwarin ɗaukar allurar wankin ƙoda sau uku a mako. Tun 1966 likitoci Brescia da Cimino suka fito da dabarar a Amurka. Idan ta kama, ka ɗora yatsa za ka ji tana rawa kamar waya a aljihu. Matsalarta ita ce cikin jijiyar kan yi kauri daidai wurin ɗinkin har hanya ta tsuke. Shi ya sa masu bincike ke naɗa mata magani irin su sirolimus da paclitaxel tun ana kan aikin, maimakon a bai wa jiki duka.

Dabara ce mai kyau. Amma dabbar gwaji yawanci ƙarama ce lafiyayya, ba dattijon da ciwon suga da hawan jini suka shekara goma suna cin jijiyarsa ba. Wani maganin shafa wa jijiya mai suna vonapanitase ma an yi ta masa kirari, da aka kammala babban gwajinsa a jikin mutane a 2019 sai ya gaza. 

Mu a nan tun kafin tiyata muke kashe jijiyar. Duk zazzaɓi sai an yi ƙarin ruwa a kemis, a soka nan a soka can. Majiyyaci bai isa Asibitin Malam Aminu Kano ba sai ƙafa ta kumbura, dole a sa masa roba a wuya, ita kuma ƙofar ƙwayoyin cuta ce. Daga ranar da aka ce ƙodar mutum ta fara rauni, a hana kowa soka allura a hannun da bai cika aiki da shi ba, a tura shi wajen likitan tiyata da wuri, tunda jijiyar kan ɗauki mako shida ko fiye kafin ta nuna.