Amfilifayar da Ta Fara Waƙa Tun Ba a Jona Jita Ba

Ƙarfinta wat biyar kacal. Abin da ya yaudare ni ke nan. Na samu zanen haɗa ƙaramar amfilifayar jita, wato akwatin ƙara ƙarfin sauti, mai suna Fender Champ, samfurin 5F1 na ƙarshen shekarun 1950, na ga bawul uku ne gaba ɗaya a cikinta, wato 'yan kwalaben gilashin nan masu sarrafa wuta: 12AX7 mai ɗaga sautin jita, 6V6 mai tura lasifika, sai 5Y3 mai miƙar da wuta. Abin murɗawa ma ɗaya ne tak. Na ce wannan ai ko da ido ɗaya zan haɗa ta a mako guda.

Wata uku na yi ban narka ko ɗigon dalma ba, ina ta zaɓen kaya. Kayan ma ba duka ba, wasu 'yan kafasita guda biyu da ke miƙa sauti daga wannan mataki zuwa wancan. Masu harkar sun rabu gida-gida a kansu: wasu na rantsuwa cewa mai takarda da mai a ciki ita ke ba da sauti mai "ɗumi", wasu na cewa ta roba ma ta wadatar. Ni da ban taɓa jin ɗumi da kunne ba, na bi bayan masu takarda, na sayi masu tsadar. Na kuma farauto wata tsohuwar 12AX7 da ta girme ni, na naɗe ta a cikin safa, na kafa dokar kada wanda ya yi atishawa kusa da ita. Taransifomar da ke kai sauti ga lasifika kuwa, wadda ita ce mai faɗa a ji, a minti biyar na zaɓe ta, takardar da ta zo da ita na cusa a ƙasan kwali. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Haɗawar ba ta da wani labari, in ban da cewa ƙafafun 12AX7 guda tara daga ƙasa ake ƙirga su, ni kuma na ƙirga daga sama. Na warware, na sake.

Ranar kunnawa na tsayar da ƙanena a bakin soket, na ce da ya ga hayaƙi ya zare fulogi. Ni kuma na soke hannun hagu a aljihu.

"Yaya, gayu ake yi wa akwatin?"

Na yi masa bayani cikin isa: wutar da ke cikin nan ta haura bolt 300, ana ɓoye hannu ɗaya ne don kada ta shiga ta wannan hannu ta ratsa ƙirji ta fita ta wancan. Ya ja da baya taku biyu.

Na kunna. Kwalaben suka fara ja a hankali, kamar garwashin da aka hura. Shiru na 'yan daƙiƙoƙi, har na fara murmushi. Sai ta tsala wata irin ƙara, kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin tulu. Ko jitar ban jona ba! Ƙanena ya zare fulogi, ya fice da gudu, takalminsa ɗaya ya bari.

Tunda an zare, na ce ai shi ke nan, na zura yatsa in taɓa wata waya. Ashe manyan kafasitocin tace wuta ba ruwansu da fulogi, abin da suka tara yana nan a cikinsu. Wutar ta fizge ni sai da na ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, sukudireba kuwa sai bayan kwana biyu na tsince ta a bayan kujera. Tun ranar ba na taɓa komai sai na zuƙe wutar da suka tara ta cikin razista, wato 'yar abar da ke rage gudun wuta, na auna da mita na ga sifili.

Mako guda ina zargin tsohuwar bawul ɗina. Daga ƙarshe na tono takardar nan ta ƙasan kwali. Akwai razista mai om 22,000 da ke ɗebo ɗan sauti daga wajen lasifika ta mayar da shi baya a juye, don ya ladabtar da amfilifayar. Ni kuma na musanya wayoyin taransifoma biyu, ja a gurbin shuɗi, sai mai tsawatarwa ya koma mai zuga. Minti biyu gyaran ya ci. Na kaɗa jita, sauti ya fito tas.

Saura in tabbatar wa duniya kafasitocina sun biya kuɗin sabulu. Na haɗa makunni mai zaɓa tsakanin mai takarda da ta roba, na lallaso ƙanena ya dawo, na juya masa baya ina kaɗawa, na ce ya riƙa sauyawa.

"Yanzu fa, Yaya?"

"Ta roba ce. Ji yadda ta bushe."

"To yanzu?"

Na lumshe ido. "Alhamdu lillahi. Ka ji ɗumin? Ka ji zurfin?"

Sau shida muna haka, ko sau ɗaya ban yi jinkirin amsa ba. Na juyo ina jiran jinjina, sai na hango shi can bakin ƙofa, hannuwansa duka biyu a aljihu.

"Wallahi Yaya ban taɓa shi ba. Ni da akwatin nan ai sai dai daga nesa."